Gurbin Habila a Layin Safe

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Habila. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin. Yanzu saura mini shekara ɗaya in gama sakandare, kuma tsawona ya kai alamar da ya taɓa yi da fensir a jikin ƙofar kicin ɗinmu. Ya ce nan kafaɗarsa take, ranar da na kai wurin zai bar ni in riƙe sitiyarin motarsa. Alamar tana nan. Bara mai gidan haya ya turo a yi fenti, Mama ta tsaya a kan mai fentin har ya kewaye wurin.

Da yawa daga masu karanta wannan jarida a nan Greensboro sun san shi, wasu ma da hannunsu aka sauke shi kabari. Ga wanda bai san shi ba, kofur ne a sojan ruwa, makanikin injin jirgin sama, a wani sansani da ke bakin teku, tafiyar rabin yini daga nan a mota. Ya je yaƙin Kuwait ya dawo ko ƙwarzane babu. Barewa ce ta tsallaka gabansa wata Juma'a da almuru kusa da McLeansville, yana hanyar zuwa gida, saura kaɗan ya iso.

Tun daga lokacin, duk shekara idan ganye ya fara ja, wayar gidanmu takan yi ƙara, in ɗauka in ji muryar abokin aikinsa, wani baƙar fata ɗan Jojiya da Mama ta sa wa suna Dogo. Roƙonsa ɗaya ne kullum: wani daga gidanmu ya zo sansanin ya tsaya a gurbin Habila a layin safe. Amsar Mama ma ɗaya ce. Takan ce, "Ki ce masa mun gode." Bana Dogo ya ƙara wata magana. Ya ce ana rage sojoji, za a rushe rundunarsu kafin sabuwar shekara a rarraba mutanen, shi ma zai ajiye kaki. In ba mu zo bana ba, nan gaba ba za a sami ko mutum ɗaya a layin da ya san Habila ba. Na faɗa wa Mama tana wanke-wanke. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ki ce masa mun gode."

Sai in faɗi abin da ake nufi da layin safe, yadda Habila ya taɓa bayyana mini.

Ya ce kafin yaƙin duniya na biyu wurin nan fadama ce, ba kowa sai sauro da macizai. Aka sare itatuwa, aka haƙa magudanai, aka zuba siminti, don jirage su riƙa tashi suna gadin gaɓar teku. Wani tsoho mai aski a garin da ke bakin ƙofar sansanin ya gaya masa ubansa yana cikin masu haƙar. Habila yana son irin wannan labarin, ya fi son sa a kan labarin yaƙin da shi ya je. Ya ce har yau teku bai yarda da su ba. Gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe, sai an riƙa wanke jirage da ruwan famfo kamar jarirai. In babbar guguwa ta taso daga teku, sai a kwashe jiragen a kai su can cikin ƙasa, a bar su makanikai suna ɗaure ƙofofi.

Amma abin da suka fi tsoro ƙanana ne. Injin jirgin yaƙi yana zuƙar iska da ƙarfi, ya haɗa da duk abin da ke ƙasa a gabansa. Tsakuwa, ko noti, ko guntun waya, in ya shiga ciki yana iya farfasa injin, mai yiwuwa kuma sai mutum ya kai sama abin zai nuna. Saboda haka kowace safiya, kafin a kunna injin ko ɗaya, duk rundunar takan jeru kafaɗa da kafaɗa a bakin dandamalin simintin da ake ajiye jirage, su sunkuyar da kai, su taka a hankali har ɗaya ƙarshen suna tsince duk abin da suka gani. Fararen tsuntsayen teku kuma ba sa taimakawa. Sukan ɗauko katantanwa daga bakin ruwa, su sako ta daga sama a kan simintin don ta fashe su ci, su bar wa sojoji ɓawon. Kuma ba a barin giɓi a layin. Giɓi yana nufin akwai ƙasar da ba wanda ya duba. Shi ya sa washegarin rasuwar Habila, da safe, wani ya matso ya cike wurinsa. Abin da ya tsaya wa Dogo a rai ke nan duk shekarun nan. Ya ce sau ɗaya dai yana so wanda zai cike wurin ya zama jinin Habila.

Me ya hana Mama? Sai na koma baya kaɗan.

Karatu ya kawo Baba ƙasar nan daga Jos, ya ɗauko mu, ciwo ya ɗauke shi kafin ya gama. Mama ta zauna da mu biyu. Aikin da ta samu, wanda har yau shi take yi, share ofisoshi ne a Elm Street. Takan hau bas da la'asar, lokacin da masu ofis ɗin ke shirin tashi. Mu a nan duk mun sani, ba kuma abin ɓoyewa ba ne a tsakaninmu: matan zumuntarmu na coci, wannan tana canza zanen gado a gidan tsofaffi, wancan tana wanke tukwane a kantin abinci. Amma a wasiƙun da ake aikawa gida ba a faɗi. Kuma akwai abin da Mama take maimaita mana tun muna ƙanana, tana ɗaure takalmin aiki: ita tana sunkuyawa ne don mu mu yi tafiya a miƙe.

Ba ta so Habila ya shiga soja ba. A wurinta soja shi ne mutumin da ke tare hanya da bindiga ya sa dattijo tsallen kwaɗo. Da ta ga hotonsa cikin kaki a gaban jirgi ne ta ɗan sauko. Ta kai hoton coci. Ba ta taɓa cewa shi ke tuƙa jirgin ba, amma da Anti Laraba, aminiyarta mai yawan barkwanci, ta fara kiranta Maman matuƙi, ba ta gyara mata ba. Habila kuwa duk ƙarshen makon da ya samu yakan zo gida. Abu biyu ba ya fashinsu. Yakan kawo mini ɓawon katantanwa, in zuba a wata kwalbar zuma da na wanke. Ranar Asabar da safe kuma yakan sa Mama ta kwanta rub da ciki a kan doguwar kujera, ya shafa mata man zafi a baya, yana tsokanarta wai bayanta ya fi injin jirgi wuyar gyara.

Bazarar shekarar da ya rasu, sansanin ya buɗe ƙofa ga jama'a su zo kallon jirage. Mama ta gayyaci matan zumunta. Suka ɗauki motar coci, suka yi anko da zanen zumunta, Mama ta soya wainar masa cike da kula. Muka kwana a gidan wani fasto ɗan ƙasarmu da ke kusa da can. An ce sai hantsi za a fara, amma Mama ba ta san makara ba, rana na fitowa muna bakin ƙofa. Masu gadi suka nuna mana wani fili kusa da shingen waya suka ce mu jira. Daga nan ana hango dandamalin.

Sai ga layin ya taho. Maza da yawa, kai a ƙasa, ba mai magana, can wannan ya duƙa, can wancan ya duƙa.

Anti Laraba ta kare ido da hannu ta ce, "Waɗannan fa, laifin me suka yi?"

Wata ta ce, "Masu makara ne. Haka hedimasta yake sa mu tsintar takardu a firamare."

"Ƙattai haka? A'a, fursunonin bariki ne. Dubi yadda kunya ta hana su ɗaga kai."

Aka yi dariya, har da Mama. Lokacin layin ya matso kusa da shinge. Ban san ko zanen ya hango ko dariyar ya ji ba, sai ɗaya daga cikinsu ya ɗago, ya ɗaga mana hannu yana murmushi, da wani ɗan abu fari a tsakanin yatsunsa. Habila ne. Dariyar ta tsaya. Na kalli abin da ke hannunsa, na gane daga ina ɓawon da ke kwalbata yake zuwa.

Anti Laraba, wadda bakinta kan riga tunaninta, ta ce, "Maman matuƙi, ashe gado ya yi."

Wasa take yi. Irin wasan da suke yi wa juna ne kullum a kan tsintsiya da bokiti da zanen gado. Amma ba wadda ta yi dariya, ita ma da ta faɗa ta sa hannu ta rufe baki. Mama ta gyara ɗaurin zanenta, ta koma cikin mota ta zauna.

Da hantsi Habila ya zo da Dogo, sun canza kaki, takalmansu suna ƙyalli. Ya leƙa ta taga ya ce, "Mama, sannu da hanya. Ba za ki fito ba?"

Ta ce, "Ni shara, kai shara. Don wannan na bar ka ka tafi?"

"Mama, ba horo ba ne. Kowa yana yi, har kanal."

"Kanal ba ɗana ba ne."

"Tsakuwa ɗaya tana iya kashe injin, mutum yana sama."

"To su nemi mai share musu. Ni ba ga ni ba? Ina yi ne don kada ku yi."

Sai ya yi dariya. Ina ganin dariyar nan ce ta ɓata komai, ko da yake ba ta raini ba ce, haka yake yi in ya rasa abin faɗa. Mama ta murɗa gilashin tagar ya rufe. Yini guda jirage suna ta wasa a sama, ƙararsu tana girgiza ƙirji, ita tana zaune a mota da Littafi Mai Tsarki a cinya ba ta buɗe ba. Habila da Dogo suka ci masa a tsaye a bayan motar. Dogo ya zuba yaji kamar sukari, hawaye suna zuba yana ƙara ɗauka. A nan ne Habila ya zaunar da ni a kan kular ya ba ni labarin fadamar da gishirin da tsuntsayen, ina jin don ya sami wanda zai gaya wa ne.

Ba zan ce sun daina magana ba, don ba haka aka yi ba. Ya ci gaba da zuwa, tana dafa masa abin da yake so, tana wanke masa kaya. Magana ɗaya dai take yi masa, ya bar aikin nan ya shiga jami'a, shi kuma ya ce wa'adinsa bai cika ba. Abin da ya canza shi ne safiyar Asabar. Ya ɗauko man zafi, ta ce ya bari, bayanta lafiya lau. Na ga ya juya gwangwanin a hannunsa, ya mayar kan firij. Haka aka yi ta yi har ganye ya fara ja. Ranar Juma'ar da ya rasu ta jiƙa shinkafar masa tun safe. Ban san abin da ta yi niyyar ce masa ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Masaƙar da wasu iyayenmu maza na coci suke aiki ta rage mutane, yanzu rabinsu tasi suke ja. A makarantarmu an cika ɗakin karatu da kwamfuta, na san da ya riga kowa kwance bayan ɗaya ya ga abin da ke ciki. A gida har yanzu sojoji ne a kan mulki, Mama tana kama labarin a ƙaramar rediyonta, ta saurara ta kashe. Rushe rundunarsu kuwa, ina jin cewa zai yi tsuntsaye sun ci yaƙi. Ban san ko zai ji zafi ba. Mutum ne da ba ya nuna inda yake masa ciwo, kuma ni ƙarama ce, ban san ana tambaya ba. Abin da na tabbata zai lura da shi tun daga bakin ƙofa shi ne tafiyar Mama. Yanzu in za ta tashi daga kujera sai ta dafa gwiwa, ta ɗan tsaya a rusune kafin ta miƙe. Gwangwanin yana kan firij. Ko ni ba ta yarda in taɓa mata baya ba.

Ni ma akwai abin da zai lura da shi. Tun bayan rasuwarsa nake tafiya ina kallon ƙasa. Malamaina sun ɗauka kunya ce, sun sha rubuta wa Mama cewa yarinyar tana da ƙoƙari amma ba ta kallon mutane. Akwai kunyar, ban musa ba. Amma yawanci dubawa nake yi. Mutum zai yi mamakin abin da ke zube a tashar bas ta cikin gari: noti, maɓalli, marfin kwalba, fil ɗin gashi. Ba na iya wucewa in bar ƙusa a inda taya za ta bi.

Wannan ɗabi'ar ce ta kawo abin da ya faru. Lahadin da ta biyo bayan wayar Dogo, an tashi daga sujada, muna tafiya wurin motar Anti Laraba, don ita ke mayar da mu gida. Cocinmu yana hanyar Summerfield, inda ake ta gina sababbin gidaje, ƙusoshi ba sa ƙarewa a filin ajiye motoci. Na hango ɗaya, na duƙa na ɗauka, da fararen kayana na mawaƙa, mutane suna wucewa.

Mama ta fizgo hannuna ta ce, "Rahila, ɗaga kanki. Ni shara, ke..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta saki hannuna. Muka tsaya mu uku, ƙusar tana tafina. Anti Laraba, wadda tun ranar nan ba ta sake cewa Maman matuƙi ba, ta daɗe tana neman makulli a jaka, alhali yana hannunta.

Can ta ce, "Maman Habila, bakina ne ya fara wannan magana. Ki bar ni in ja motar zuwa sansanin."

Mama ta ce, "Kina da aiki."

"Zan yi musaya da wata. Tsofaffin nan da nake kula da su ba inda za su."

"Yarinya tana da makaranta."

"Yarinyar da ta fi malamanta zuwa makaranta? Kwana ɗaya ba zai kashe ta ba."

Mama ta shiga mota, muka koma gida. Ba ta ce mini in kira Dogo ba. Amma ana jibi ranar da Dogo ya ce a zo, na dawo daga makaranta na tarar da shinkafa a jiƙe cikin babbar roba, tandar masa tana kan murhu an goge ta. Rabon da a sauko da tandar nan tun waccan Juma'ar. Sai na ɗauki waya.

Washegari muka kama hanya da rana. Ba a jima da fita gari ba ake wuce wurin da abin ya faru. Akwai ɗan gicciyen katako da Dogo ya kafa, ruwa da rana sun cinye fentinsa. Kullum Mama takan rufe ido a nan, ranar ma ta rufe. Daga nan sai gonakin auduga da suka yi fari, da rumbunan taba da suka karkace, da warin gidajen aladu. Ƙasa ta yi ta shimfiɗewa har tudu ya ƙare, iska ta fara ɗaukar warin laka da gishiri. Anti Laraba ta yi ta surutu ita kaɗai har ta gaji. Muka kwana a wani ƙaramin masauki a garin da ke bakin ƙofar sansanin. Na duba ko zan ga shagon mai askin, na ga shaguna da yawa a rufe da takarda manne a gilashi.

Da sassafe Dogo ya tarye mu a ƙofa. Ya zama saje, ya yi jiki. Ya durƙusa har ƙasa yadda Habila ya koya masa, ya ce, "Sannu, Mama." Hausarsa ke nan duka, sai kalmar masa. Mama ta dube shi ta ce, "Tashi, Dogo, kada ka ɓata wando." Ta miƙa masa kular.

Ba a shiga dandamalin da komai a aljihu. Aka ba mu wani ɗan faranti. Mama ta cire 'yan kunne, ta cire fil ɗin da ta maƙale mayafinta da shi, ta zazzage alewar mintin da take ajiyewa don wa'azi mai tsawo. Aka ce ta ɗaure ɗankwalinta tam. Wani saurayin soja Bature, fuskarsa duk ƙuraje, ya durƙusa da ɗan ƙarfe ya ce ta ɗaga ƙafa, ya shiga ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale a ƙasan takalminta. Ta dafa kafaɗata tana kallon ƙeyarsa. A hankali ta ce, "Yaron mutane."

Dogo ya zaci ni zan tsaya a gurbin. Ya kama hannuna zai kai ni, Mama ta ce in gaya masa ita ce. Aka buɗa mana wuri biyu, ita a damansa inda Habila yake tsayawa, ni a damanta. Anti Laraba ta tsaya a bakin rumfar jirage da jakunkunanmu. Kafin a fara, Mama ta ce in tambaye shi wane ne kanal ɗin. Ya nuna da haɓa. Wani mai sanƙo ne, ba shi da tsawo, yana cikin layin kamar kowa da 'yar jakarsa a hannu, yana hamma. Mama ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Shi ma ɗan wata ne."

Aka ba da umarni, muka fara takawa.

Ban san wuri mai faɗi haka yana iya yin shiru haka ba. Jiragen suna jere a gefe, an toshe bakin injinansu da jajayen marufai. Ba ka jin komai sai takun takalma da kukan tsuntsayen, waɗanda suka koma can nesa suka tsaya suna jiran mu gama. Simintin da kake gani sumul daga shinge, in ka sunkuya duk tsaga ne da layukan kwalta, a cikinsu abubuwa suke ɓuya. Na sami tsakuwa. Mama ta sami guntun waya, ta sami ɓawon katantanwa, ta juya shi a hannu kafin ta sa a jaka. Ba ta fi kowa ido ba, ba ta kuma kasa kowa ba. Yadda take duƙawa dai daban ne, ba ta lanƙwasa gwiwa, daga ƙugu take karyewa kamar mai shara da guntuwar tsintsiya.

Wajen tsakiya na ga hannunta ya koma ƙugu. Numfashinta ya canza. Dogo ya gani, ya ce da ni da Turanci in gaya mata tana iya fita ta huta, ba komai.

Ba ta jira na fassara ba. Ta ce, "In na fita, wa zai duba nan?"

Haka muka kai ƙarshe. Layin duka ya rage sauri saboda ita, ba wanda ya ce a rage. A ƙarshen aka juye abin da aka tsinta a bokiti ɗaya. Dogo ya ambaci sunan Habila da muƙaminsa, aka yi shiru kaɗan, kanal ya zo ya gaisa da Mama da hannu biyu, shi ke nan aka watse, don akwai aiki. Kafin mu kai rumfa an cire jajayen marufan, injin farko ya tashi, Mama ta toshe kunnuwa. Ba ta yi kuka ba. Anti Laraba ce ta yi kukan a madadinmu.

Sai da muka yi nisa a hanyar dawowa, mun shiga gonakin auduga, sannan ta yi magana. Tana gaba, ta kwantar da kujera saboda bayan.

Ta ce, "Laraba, kullum haka yake yi."

"Kullum."

"Ya gama ya shiga ƙarƙashin jirgi ya yini a duƙe. Ranar Juma'a ya tuƙo mota duk wannan hanyar. Gari ya waye ya ce in kwanta ya shafa mini mai."

Anti Laraba ta ci gaba da tuƙi.

Mama ta ce, "Ko sau ɗaya ban tambaye shi nasa bayan ba."

Da muka zo wurin gicciyen, yamma ta yi, ba ta rufe ido ba. Ta bi shi da kallo har ya wuce, ta ce yana bukatar fenti.

Ban zo in ce komai ya gyaru ba. Washegari ta hau bas ɗinta na la'asar kamar kullum. Wasiƙun da take aikawa Jos har yanzu ba sa faɗin aikin da take yi. Kafin sabuwar shekara rundunar za ta watse, Dogo zai koma Jojiya, wata runduna za ta karɓi dandamalin, wasu samari da ba su taɓa jin sunansa ba za su jeru a kai da safe. Tsuntsayen za su ci gaba da sako katantanwa. Idan na auna abin da ya rage na Habila, ba shi da yawa: alamar fensir a ƙofa, kwalbar zuma da ba ta cika ba, da jiragen da suka tashi suka sauka lafiya ba wanda ya san dalili, don ba a ba da labarin abin da bai faru ba. Sai kuma ni, da nake tafiya ina kallon ƙasa. Mama ta daina cewa in ɗaga kai. Ran nan ma a tashar bas ita ta nuna mini wani noti da ƙafa.

Asabar ɗin da ta wuce, da safe, ina aikin makaranta a teburin kicin, ta sauko da gwangwanin daga kan firij. Man ya daskare, ya ja baya daga gefe, sai da muka ɗora shi a ruwan zafi. Ta kwanta rub da ciki a kan doguwar kujera. Hannuna ba shi da ƙarfin nasa, ta faɗa mini haka, ta ce in ƙara dannawa. Da na gama ta tashi zaune a hankali, ta karɓi gwangwanin, ba ta rufe shi ba. Ta dube ni sama da ƙasa, kamar yadda ake duba siminti.

Ta ce, "To, ke fa? Ina yake miki ciwo?"

Allah ya ba ka hutawa, Yaya. An duba wurinka.